Khalida Ta Wuce Gabas

Riyad, Janairu

Zuwa ga Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Yaya ƙafar? Matarku Muhibba ta ce in tambaye ki ko kina shafa man da ta aiko, ko kuwa kin ɗora shi a kan kwaba kina kallo. Mu nan lafiya lau, sai dai sanyin bana ya matsa mini a gwiwa. Ki gaida mini maƙwabciyarki Bilƙisu, Allah ya saka mata da alheri, da take ɗaukar hoton wasiƙunmu da wayarta tana kai da komowa. Na san ra'ayinki kan magana ta waya, kin ce ba a kai ƙarshen zance layi ke yankewa, shi ya sa na zauna na ɗauki biro.

Yaya, maganar da nake gudu ta zo. Mudirinmu ya kira ni ofis ya ce kujerar da nake kai a siton kamfani, can Birnin Masana'antu na Biyu, ɗan ƙasa za a ba. Ya ce za su bar ni in cinye iƙamar da ke hannuna, wato takardar izinin zama, daga nan sai haƙuri. Mutumin kirki ne, har shayi ya zuba mini da hannunsa, amma maganar ita ce dai. Kin kuma san yadda abin yake a nan. Iƙamata ita ce ta Muhibba, ita ce ta Khalida. Ranar da aka buga mini huruj, hatimin barin ƙasa, mu uku aka buga wa.

Ni da Muhibba ba abin damuwa ba ne, mun san hanyar gida. Khalida ce ke hana ni barci. A nan aka haife ta, a nan ta gama sakandare. Hausa tana ji, amma in na yi mata sai ta mayar mini da Larabci. Rabonta da Katsina tun tana famfara, abin da ta riƙe kawai shi ne akuyarki da ta bi ta da gudu.

Akwai kuma wani abu da ban taɓa gaya miki ba don ban ɗauke shi komai ba. Tun lokacin kullen korona ta kama kallon finafinan ƙasar Koriya a waya, ita da ƙawayenta. Daga kallo sai waƙoƙinsu, daga waƙa sai ta ji labarin wata cibiya a wajen Al-Murabba inda ake koyar da harshensu kyauta. Ni nake kai ta duk Asabar. Malamarsu mace ce mai fara'a, tana yi mini sallama da Larabci har da ɗan rusunawa. Yanzu a gidan nan tuwo sai ni da uwarta. Ita taliyarsu mai yaji take ci da tsinke biyu, hawaye na zuba tana cewa daɗi.

Abin da na yanke shi ne ta riga mu zuwa. Na tura wa abokina Malam Sha'aban takardunta ya nema mata gurbi a jami'a nan Katsina. In an dace, a wurinki za ta zauna, ki gyara mata baki, ki nuna mata dangi. Me kika gani?

Ƙanenki,
Badamasi

Rafindaɗi, Katsina, Fabrairu

Zuwa ga Badamasi,

Wa alaikumus salam. Lafiya ƙalau nake. Ƙafa tana nan yadda ka san ta, in ta ga dama ta bar ni in je kasuwa, in ba ta ga dama ba mu wuni tare a ɗaki. Ka ce wa matarmu ina shafa man, kuma kwabar da take zargi ba ta yi laifin komai ba.

Na yi maka jaje kan aiki. Amma ba zan ɓoye maka ba, da na kai ƙarshen takardar sai na ji kunyar kaina, don murna ce ta fi yawa a raina. Tun rasuwar Inna gidan nan ba a jin motsin kowa sai nawa. Da ina koyarwa, yara su cika mini kunne da rana, in dawo in gode wa Allah da shirun. Tun da na yi ritaya shirun ya daina daɗi.

Ka turo ta. Ɗakin Inna yana nan, rufin kawai za a duba kafin damina.

Batun Koriya, na tambayi Bilƙisu, ta nuna mini firjinta da talabijin ta ce duk daga can suke. Ni na ɗauka kayan wuta kaɗai suke sayarwa, ashe har harshe suke rabawa. To me za su samu in 'yar Badamasi ta iya yarensu? Na koyar shekaru masu yawa, ban taɓa ganin an buɗe aji, an biya malami, an sayi alli, don kawai ana son yara su ji daɗi ba. Ka sa ido.

Tambaya ɗaya kuma. Ka ce ka yanke. Ita yarinyar ka tambaye ta kuwa?

Yayarka,
Hansai

Riyad, Afrilu

Yaya,

Barka da Sallah, da fatan an yi azumi lafiya an sha ruwa lafiya. Mu ma alhamdu lillahi, sai Muhibba da mura ta kwantar a goman ƙarshe, amma ta miƙe.

Na tambaye ta kamar yadda kika ce. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Insha Allah, Baba.” A garin nan insha Allah na iya zama i, na iya zama a'a, na iya zama ka ƙyale ni. Na ɗauki ta farko. Malam Sha'aban ya ce ana kan duba takardun, in yi haƙuri.

Yau ta ba ni mamaki. Ta ce ita ma za ta rubuta miki da hannunta, da Hausa. Na bar mata ƙasan takardar, ita za ta ɗauki hoton ta tura. Ta ce kada in karanta don zan yi mata dariya. Ki yi haƙuri da rubutun.

Badamasi

Goggo salam. Ina gaisuwa. Hausa na ba kyau, ki yafe. An karɓe ni a jami'a. Ban faɗa ma Baba ba har yanzu, ke ce ta farko. Zan tashi bayan babban Sallah. Ina farin ciki kuma ina tsoro. Ki yi mini du'a. Ki taya ni magana da Baba, yana jin maganar ki.

Khalida

Rafindaɗi, ƙarshen Afrilu

Badamasi,

Gaisuwa da fatan matarmu ta warware sarai. Ni lafiya, ƙafar ma kamar ta ji labari, ta yi sauƙi.

Tun da 'yarka ta ce ni ce ta farko, to ni zan yi maka albishir. An ba ta gurbin! Ina jin jami'ar ta aiko mata kai tsaye ta waya, shi ya sa ta riga Malam Sha'aban sani. Ka yi kamar ba ka ji ba har ta gaya maka da bakinta. Ta ce tana tsoro, kuma in taya ta magana da kai. Na gane. Yarinyar da ba ta san garin ba dole ta ji tsoro, wataƙila so take uwarta ta rako ta. Ka bar su su zo tare.

An gyara rufin, an yi wa ɗakin fenti shuɗi. Na fito da gadon Inna an ƙara masa ƙusa. Na je gidan Kawu da gidan su Ma'u na sanar, kowa sai tambaya yake ko tana jin Hausa. Na ce su jira su gani, wata uku a hannuna sai ta yi musu gatse. Har taliyar nan mai yaji na sa an nemo mini a kanti, na dafa na ɗanɗana. Allah ya ba ta haƙuri da abin da take so.

Takardarta tana cikin Alƙur'anina. Akwai kurakurai, amma ban taɓa su da jan biro ba.

Bilƙisu ta kusa sauka, za ta tafi wanka gidansu a Dutsin-ma. In ka ji ni shiru, dalilin ke nan.

Hansai

Riyad, Mayu

Yaya Hansai,

Ina gaishe ki. Lafiyar jiki muna da ita. Ban san ta inda zan fara ba, don haka zan faɗa kai tsaye. Ba jami'ar Katsina Khalida take nufi ba. Wata jami'a ce a Koriya.

Na karanta takardarki na yi ta murna, na yi shiru ina jira kamar yadda kika ce. Ranar Asabar muna cikin mota za mu cibiyar, ta ce yau iyaye ma za su shiga, akwai taro. Muna tsaye a danja sai ta ce, “Baba, sun ba ni minha.” Wato gurbin karatu da komai nasa, kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, har jirgi. Na ce, “Su wa?” Ta ce, “Su.” Ta nuna hanyar da muka dosa. Sai da na baya suka yi ta danna mini oda na lura an ba mu hannu.

Na ce, “Goggonki fa? Ta yi wa ɗaki fenti.” Ta rufe fuska da mayafi ta ce ita ba ta ce Katsina ba, ta ɗauka kin gane. Na ce ta yaya za ki gane? Sai ta ce da ni, da Larabci, “Baba, a nan ni baƙuwa ce. A Katsina ma baƙuwa zan zama, kowa zai yi dariyar bakina. Su waɗannan su suka ce in zo.” Ban sami abin da zan ce mata ba har muka isa.

Bari in ba ki labarin taron, don ya amsa tambayar da kika yi mini a Fabrairu. An cika zaure da iyaye. Wani babban mutum daga ƙasarsu ya yi jawabi da Larabci mai kyau, ya ce yaranmu gada ne tsakanin ƙasashe. Kusa da ni wani Basudane ne, dattijo, direban motar haya da ya kawo wasu iyaye ya zauna jiran su. Ya ce mini nasa ɗan yana ƙasar Sin, su ma haka suka ɗauke shi, tun da aka fara koyar da harshensu a wasu makarantun nan. Ya ce ƙaramar kuma katun ɗin Japan ne ya tafi da hankalinta, matarsa kuwa ba a taɓa ta in ana wasan kwaikwayon Turkiyya. Ya ce, “Ya akhi, ɗan'uwa, dā in ƙasa tana son ta yi ƙarfi jirgin yaƙi take saye. Yanzu so take yaranka su yi mafarkinta. In sun girma su za su sayi kayanta, su za su tsaya mata a taro.” Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Da aka kira Khalida aka ce, “Daga Najeriya,” sai zauren ya ɗauki tafi fiye da na kowa. Malamarta ta gaya mini daga baya cewa sun yi murna ƙwarai, domin ba su taɓa samun ɗalibi daga Afirka ta wannan cibiyar ba. Aka ba ta ƙananan tutoci biyu ta riƙe don hoto, tasu da tamu. Yaya, tamu a karkace ta riƙe ta, wani ma'aikaci ya zo ya gyara mata. Ta yi godiya da harshensu, doguwar magana, ba gargada. Mutumin nan har ya dafa ƙirji. Ni ubanta ina zaune ban ji ko kalma ɗaya ba.

Ba zan ce mugaye ne ba. Sun nuna mini hoton masallaci a garin da za ta, da inda ake sayar da naman halal, da ɗakin kwanan mata. Duk abin da zan tambaya sun riga sun tanadi amsarsa. Wannan ɗin ne ma ya fi ba ni tsoro.

Sai na sa hannu za ta tafi, kuma sun ba da wa'adi. Muhibba kuwa kuka kawai take. Ki gaya mini abin da zan yi. Ki amsa da wuri don Allah.

Badamasi

Rafindaɗi, Yuli

Badamasi,

Na gaishe ku. Ina nan da rai. Bilƙisu ta haifi mace, ta yi arba'in, ta ƙara da hutun Sallah, sai shekaranjiya ta dawo. A can ƙauyen bayan Dutsin-ma da iyayenta suka koma babu sabis, ita ma ba ta ga takardarka ba sai a hanya. Ta kawo mini wayar tana ta murna, ta ɗauka labarin ranar zuwan Khalida ne. Na karanta a gabanta. Na ce ta je ta ba jaririya nono.

Duk tsawon lokacin nan ina ta shiri. Ranar Sallah na hana a taɓa cinyar ragon da Kawu ya aiko, na soya na adana. Duk motar da ta tsaya a bakin lungu sai na leƙa. Kana da lambar Ma'u, kana da ta Malam Sha'aban. Da ka so in sani da na sani. Ina jin ka ji sauƙi da ka ga ba a buɗe saƙon ba. Ban ce ka yi laifi ba, na ce na san ka.

Kana mamakin yadda aka ɗauke maka 'ya ba tare da an ɗaga murya ba. Ni ban yi mamaki ba, don na taɓa gani. Ka tuna kaset-kaset ɗin wa'azi da littattafai masu bangon zinariya da ake rabawa kyauta a masallacin bakin kasuwa? Ka tuna baƙin da suka zo suka yi muku jarrabawa, suka ce ku ne gada? Ka daina cin abinci da mu a kwano ɗaya don kana haddar Larabci, ka ɗage wandonka, ka fara gyara wa Baba karatu. Su ma ba mugaye ba ne. Sun ba ka ilimi, sun ba ka jirgi. Baba ya sa hannu, ya raka ka Kano, ya dawo ya shiga shagonsa ya rufe ƙofa. Ya ce shekara huɗu ce. Ya rasu kana can, Inna ta rasu kana can. Ba gori nake maka ba. Ina nuna maka ne cewa ƙasar da ta kira ka tana yaro ita ce yau ta ce kujerarka ta ɗan ƙasa ce.

Mu a nan in an ce gabas, Makka ake nufi. Ban san akwai wata gabas a bayanta da za ta ci mana mutum na biyu ba.

Ba zan ce ka hana ta ba. Me muka aika mata da shi duk shekarun nan da zai ja ta? Su sun aika da waƙa da fim da malama mai fara'a. Mu kilishi muka aika da gaisuwa. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ta tafi, ka turo mini ita ko na wata ɗaya ne. Ta kwana a ɗakin kakarta, ta ga kabarin Baba, ta san sunayen mutane. In ta je can aka ce mata 'yar Najeriya, ta san abin da ake nufi.

Hansai

Riyad, Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwa kan shirun. Lafiya muke. Muhibba ta rame, amma likita ya ce ba ciwo ba ne.

Takardarki ta zo bayan na riga na sa hannu. Na yi ƙoƙarin abin da kika roƙa, Allah ya sani. Fasfonta yana wurin masu biza har kusan ƙarshe, da ya fito kuma sun riga sun yanka tikiti daga nan Riyad, tare da sauran yaran. Na karanta mata takardarki, ina fassara mata inda ba ta gane ba. Ta yi kuka sosai. Ta ce za ta zo miki a hutun farko. Na faɗa miki yadda ta faɗa.

Ta tafi a watan Agusta. A filin jirgi malamarsu tana gaba da tuta, su suna biye. Ta waiwayo sau ɗaya.

Tana kiran mu. Da farko komai daɗi, jirgin ƙasa, tsabta, ruwan sama. Yanzu muryar ta sauya. Ta ce a cikin jirgin ƙasa wani lokaci kujerar kusa da ita ita ce ta ƙarshen cika. Ta ce mutanen ba kamar na fim ba ne, kowa sauri yake, ba mai kallon wani. Amma an sa hotonta a ƙofar jami'a, da mayafinta, tana dariya.

Jiya ta kira tana kuka. Za a yi bikin ɗaliban ƙasashen waje, kowa zai nuna abin ƙasarsu, manyan baƙi za su zo. An rubuta ta a Najeriya, an ce ta yi waƙar gargajiya. Ta ce musu ita Riyad ta sani, suka ce ai akwai 'yan Saudiyya, su za su yi nasu. Ta ce, “Baba, ka koya mini ko guda ɗaya.” Na ce to, bari in yi mata wadda Inna take yi in tana niƙa. Na buɗe baki, Yaya. Ina jin muryar Inna a kaina, ina jin ƙarar dutsen, amma kalma ko ɗaya ba ta zo ba. Muhibba kuwa a Jidda ta tashi, ba ta san ta ba. Na ce wa yarinyar layi ba kyau, zan sake kira.

Ki taimake ni. Ki yi ta a wayar Bilƙisu, in tura mata.

Hurujinmu ya fito. Muna nan tafe kafin azumi, mu biyu.

Badamasi

Rafindaɗi, Nuwamba

Badamasi,

Na sami takardarka. Ina lafiya, ka gaida matarmu, ka ce ta ci abinci. Allah ya kawo ku lafiya.

Na yi fushi, na gama. Ba ni da ƙarfin riƙe shi.

Da na karanta roƙonka na ce wannan ai abu ne mai sauƙi. Na zauna a tsakar gida na fara, baiti biyu suka zo, na uku ya tsaya. Na sake daga farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Rabon da a yi niƙa a dutse a unguwar nan tun kafin ka tafi, kowa inji yake kai wa. Na ɗauki sanda na je gidan Kawu wurin uwargidansa, na tarar ba ta gane mutane sosai, ta ɗauka ni Inna ce, ta tambaye ni ina yarona mai Larabci. Na je wurin Ma'u, ta ce ita amshin kawai take tunawa, da ta yi shi kuma na wata waƙar ce daban. Sauran waɗanda za a tambaya duk suna maƙabartar Ɗan Takum a kwance.

Saboda haka ga abin da na yi. Na rera biyun da na sani. Sauran na ƙaga da kaina, na sa sunan Inna, na sa sunan lungunmu, na sa nata. Bilƙisu ta riƙe wayar, jaririyar tana kuka a bayanta, za ku ji ta a ciki. Na so a sake, murya ta ƙi.

Ka tura mata. Kada ka gaya mata inda ta Inna ta ƙare da inda tawa ta fara. In manyan baƙin sun tambaye ta, ta ce haka ake yin ta a garinsu. Babu wanda zai ƙaryata ta a can. Nan ma babu.

Yayarka,
Hansai